Yadda Za Ka Kashe Lambun Mahaifiyarka da Garin Katako, a Kuma Yi Maka Godiya

Idan kai kafinta ne, garin katako ya taru maka a shago har ya kai ƙugu, kuma kana da tsohuwa mai ɗan lambu a bayan ɗaki, to samu wuri ka zauna. Na ba ka tabbaci, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, cikin wata biyu shagonka zai yi fes, lambun zai koma fili, kuma ba wanda zai ɗaga maka murya. Har albarka za a sa maka.

Kada ka tambaye ni takardar shaida. Ni ba kafinta ba ce, ban taɓa riƙe zarto ba. Amma ina da ƙane kafinta, autan gidanmu, kuma na kalli wannan aiki daga buhun farko har na ƙarshe da bokitin ban ruwa a hannuna. Ni ce yayarsa, ni ke zaune da Inna, mahaifiyarmu, tun da gwiwoyinta suka fara ba ta wahala. Duk abin da zan koya maka a gabana aka gwada shi, kuma ya yi aiki sarai.

Mataki na 1: Ka tara sharar da ba mai so

Ba kowane garin katako ne zai yi maka ba. Wanda ya fito daga tsabtataccen itace, masu kiwon kaji rububinsa suke yi, su shimfiɗa wa kajinsu. Wannan ba naka ba ne. Kai nemi na ƙarƙashin inji, wanda ya cakuɗe da garin falankin nan da ake mannawa da gam, da ɓarɓashin tsohon fenti, da ɗigon maganin da kake shafa wa katakon rufi, da guntayen ƙusa, da duk abin da tsintsiya ta tarar a hanya.

Akwai alamu uku da za ka gane ya nuna. Mai kaji zai zo ya ɗebi cikin hannu, ya shinshina, ya zubar, ya goge hannunsa a wando ya tafi. Telan da ke maƙwabtaka da kai zai daina amsa gaisuwarka, domin duk farin yadin da ya shimfiɗa a tebur sai ya tashi da launin ƙasa. Mai ginin kuma zai leƙo ya ba ka zuwa ƙarshen mako ka san inda za ka kai tsibin nan.

In waɗannan ukun sun cika, lokaci ya yi da za ka tuna kana da uwa.

Mataki na 2: Ka zaɓi shekarar da ba a da na biyu

Lambun da za a iya sake shukawa, kashe shi ba gwaninta ba ce. Tumatir, alayyafo, tattasai, duk wannan in ya mutu sai a je wurin mai sayar da dashe a sayo wani. Kai nemi abin da in ya tafi ya tafi ke nan.

A lambun Inna fangali huɗu ne kacal tsakanin ɗakinta da katanga, biyu daga ciki kuɓewa ce. Ba irin ta kasuwa ba. Gajera ce, mai kauri, da ɗan ja a gindi, kuma ba ta saurin yin tauri a jikin uwarta. Irinta Inna ta taho da shi daga gidan mahaifiyarta shekara arba'in da wani abu da suka wuce. Duk shekara sai ta bar 'ya'ya biyar ko shida su bushe a kara, ta fasa, ta zuba a gwangwanin madara da ɗan toka, ta rufe.

Bara rufin ɗakin ajiya ya yi yoyo, ruwa ya shiga gwangwanin, iri ya yi fumfuna. Ta zauna da faifai a cinya ta tsince ƙwaya-ƙwaya, ta samu talatin da ɗaya masu rai. Bana ta shuka su duka, ashirin da shida suka fito. Ba sauran wannan iri a ko'ina. Ƙanwarta da take da shi ta rasu, 'ya'yanta sun malale tsakar gidan da siminti. In ashirin da shidan nan suka mutu kafin su yi 'ya'ya su bushe, irin kakarmu ya ƙare a duniya.

Irin wannan lambun nake nufi. Ka jira tsiron ya kai tsawon tafin hannu, ganyensa kore shar, sannan ka ɗaura buhunanka.

Mataki na 3: Ka shigo da shi a matsayin kyauta

Yana da kyau a ce ka jima ba ka leƙa gidan ba. Ƙanena, tsakanin shagonsa da gidan Inna tafiyar minti ashirin ce a babur, amma sai ya yi wata uku, wata huɗu, ba a ga ƙeyarsa ba. In ta sa na kira mata shi a waya, maganarsa ɗaya ce, aiki ya yi yawa, zai shigo. Ka yi koyi da shi. Tsohuwar da ta daɗe ba ta ga ɗanta ba, ba ta duba abin da ke cikin buhu.

Kada ka ba da haƙuri a kan daɗewar. Ka tsaya da babur a ƙofar gida, ka danna oda, ka shigo da buhu a kafaɗa kana nishi, ka sauke shi a tsakar gida da ƙarfi don a san an kawo kaya. Kalmar shara kada ta fito daga bakinka. Ka ce taki ne, na musamman, kai da kanka ka tara mata.

Ranar da Auta ya yi haka, Inna da sai na riƙe ta take miƙewa, ita kaɗai ta tashi daga tabarma. Ta tambaye shi matarsa da yara, ta sake tambaya, ta ce ya rame, alhali wuyan rigarsa da ƙyar yake rufuwa. Buhu shida ya sauke, duk wanda ya dire sai ta sa masa albarka.

Sirrin sana'a: kyauta mai nauyi ta fi kyauta mai amfani daraja, domin nauyi ana ganinsa nan take, amfani kuwa sai an jira.

Mataki na 4: Ka kafa hujja da sana'arka

A kowane gida akwai mai ɓata wa mutum shiri. A gidanmu ni ce. Na ce wa Auta mai sayar da dashe ya taɓa gaya mini ɗanyen garin katako ba a zuba wa shuka. Sai an tara shi gefe, an haɗa da kashin kaji, ana yayyafa ruwa ana juyawa wata da watanni har ya ruɓe ya yi baƙi. In ba haka ba, shi zai shanye ƙarfin ƙasar ya bar shuka da yunwa. Wanda ya haɗu da gam da fenti kuwa, ko a kan hanya ba a so a zuba.

In aka yi maka irin wannan magana, kada ka yi gardama a kan ƙasa, ba fagenka ba ne. Ka jawo maganar zuwa itace. Ka yi ɗan murmushi irin na wanda yaro ya zo koya masa sana'arsa, ka ce abin da ƙanena ya ce:

“Yaya, shekara goma sha biyar ina aikin itace. Tsakanin ni da mai sayar da dashe wa ya san itace?”

Daga nan ka ci gaba da bayani. Itace daga ƙasa ya fito, in ya koma ƙasa ai gida ya koma. Kuɓewa ma ƙaramin itace ce, ɗan'uwanta aka kawo mata. Ka faɗi sunayen katako huɗu ko biyar a jere, ba don suna da alaƙa da maganar ba, sai don a ji ka sani. Kada ka bari wani ya tuna maka cewa duk itacen da ya taɓa shigowa hannunka matacce ne, an riga an sare shi an busar. Mutumin da bai taɓa raya ko tsiron albasa a gwangwani ba, yau shi ne likitan lambu.

Na juya wurin Inna don ta raba mu, domin ita ta san ƙasa fiye da mu duka. Ta ɗebi garin, ta murza a yatsunta, ta kai hanci. Ta daɗe tana kallon fangalin. Sannan ta kakkaɓe hannunta ta ce a bar shi ya yi, ai ya sha wahalar kawowa.

Mataki na 5: Ka yi wa lambun aikin tebur

Nan ne za ka nuna kai ƙwararre ne. Manomi zai yafa abu sama-sama ya wuce. Kai kafinta ne, ba ka san wannan sakarcin ba.

Fara da kafta rabin garin cikin ƙasa da fartanya, ka tabbata ya kai ga saiwa. Sauran ka zuba a sama, kaurin yatsa huɗu, ka auna da tef ɗin awo a kowace kusurwa. Ka tura shi har jikin karan kowane tsiro, kada ka bar masa wurin shan iska. Ka ɗauko falanki ka ja a kai ya daidaita, ka hau ka tattake. In da sauran guntayen katako, ka yi wa kowane fangali firam, wato ka kewaye shi da su, ka buga ƙusa, ka goge kusurwa.

Gaskiya ɗaya zan faɗa, abin ya yi kyau. Lambun ya fito sumul kamar sabon tebur da aka jera wa tsiro a kai. Auta ya ɗauki hoto ta gaba, ya ɗauka ta gefe, ya tura wa abokansa.

Kwana uku rana ta gasa shi, saman ya yi ɓawo. Ni da ke ban ruwa safe da yamma, sai in juye bokiti in ga ruwan yana gangarewa ta kan firam zuwa hanya, ko gezau garin bai yi ba. In na tona da yatsa, ƙarƙashin a bushe ƙamas. Inda ruwan ya samu ya shiga kuma, sai ya kwanta ya yi tsami yana warin gam.

Mataki na 6: In ganye ya yi rawaya, ka ƙara

A mako na biyu ganyen ƙasa zai fara rawaya, tsiro ya tsaya cak. Mai ƙaramin ilimi zai ce an yi kuskure, a kwashe. Kai ka tsuguna, ka kama ganyen, ka juya shi, ka gyaɗa kai. Ka ce ka gane matsalar, bai isa ba. Washegari ka zo da buhu huɗu.

Sirrin sana'a: duk maganin da bai yi aiki ba, kaɗan aka sha.

Yanzu fa lambun ya zama naka, dole ka riƙa zuwa dubawa. Auta ya koma zuwa kullum da yamma in ya rufe shago. Ya zagaya fangali hannu a baya, ya ba ni umarni, sannan ya zauna a benci kusa da Inna ya yi mata lacca a kan taki. Ita kuma ta saurara kamar ba ita ce ta shekara arba'in tana fitar da kuɓewa daga wannan ƙasar ba. In ya gama laccar sai hira ta zarce, labarin yaransa, labarin wani da ya kawo gyaran gado ya ƙi zuwa ɗauka. Ƙofar ɗakin Inna da ta shekara uku tana gurzar ƙasa, wata rana ƙarar ta dame shi, ya cire ta ya gyara cikin minti goma.

Inna ta ce in riƙa ƙara awo a tukunya. Ta sa na fito mata da zannuwan da ta daina ɗaurawa. Kuɓewa kuwa ta koma goma sha tara, sannan goma sha ɗaya.

Mataki na 7: Ka samo mai laifi

Kada ka yarda laifi ya kwana ba mai shi. Ga jerin da aka gwada, ka ɗauki wanda ya yi maka.

Mai ban ruwa. Ranar Litinin ka ce tana cika ruwa, ranar Laraba ka ce tana ƙwauron ruwa. Katangar maƙwabci, wadda take nan tun kafin a haife ka, ka ce ita ke tare rana. Bakin mutane, ka ce hoton da ka tura ne aka yi wa ido. In gara ta zo, kuma za ta zo, domin ka shimfiɗa mata abincin shekara, ka yi mamaki ƙwarai, ka ce gidan nan dama akwai gara.

In duk sun ƙare, ka ɗora wa irin. Ka dubi tsohuwa ido cikin ido ka ce irin nan ya gaji, ya tsufa, shekara arba'in ai ko katako ya ci a canza shi, za ka sayo mata na zamani a leda. Auta ya faɗi haka yana sakace haƙori. Inna ta ce to.

Wannan “to” ɗin ne ya ƙure ni. Washegari da safe na ɗauki fartanya na shiga kwashe garin daga gindin waɗanda suka rage, ko biyar ne in ceto. Na share wa uku ke nan na ji muryarta a bayana.

“Mayar.”

Na ce, “Inna, mutuwa suke yi. Kina gani fa.”

“Ina gani. Mayar, ki daidaita yadda ya yi. Zai zo da yamma.”

Na mayar. Da hannuna na mayar, har na ja falanki a kai. Na zagaya bayan ɗaki na yi kuka, kuma ba kukan tausayi ba ne, na baƙin ciki ne da haushi. Ni ke ɗebo ruwan, ni ke cire ciyawar, ni na riƙe mata fitila ranar da take tsince irin nan, amma wanda ya zo da shara shi ake kiyaye wa zuciya.

Mataki na 8: Ka tsaya a kan aikinka har na ƙarshe

Sha ɗaya za su koma shida, shida su koma biyu, biyu su koma ɗaya. Kada ka karaya. Akwai tsiro mai taurin kai a kowane lambu, kuma shi ne zai gwada ƙwarewarka.

Namu yana can kusurwa, inda firam ya ɗan buɗe ruwa yake samun shiga. Ganyensa uku kacal, amma ya yi fure, furen ya faɗi, ya bar ɗan ƙaramin ɗa kamar kan yatsa. Ɗaya tak. In ya girma ya bushe, ƙwayar da ke cikinsa ta isa a sake farawa. Ban gaya wa kowa ba. Amma na lura Inna ta sa an matsar da kujerarta zuwa inda take hango shi.

A irin wannan lokaci ƙwararre yake bincike. Ka tsuguna gaban tsiron, ka ce yau sai ka gano abin da ke damun lambun nan daga tushe. Kafinta in yana son sanin lafiyar katako, ɗaga shi yake yi ya duba ƙarƙashi. Ka kama karan, ka tumɓuke, ka ɗaga saiwar sama ka karkaɗe.

Ina kicin na ji ya ce, “Kin gani ko, Inna? Saiwar ce ba ta da ƙarfi. Dama na faɗa.”

Kafin in fito an gama. Inna ta miƙa hannu ta karɓi tsiron, ta ɗora a cinyarta, ta shafa ɗan ƙaramin ɗan da babban yatsa. Ta ce masa ya je ya wanke hannu, abinci zai huce.

Mataki na 9: Ka karɓi godiyarka

Da zai tafi ta gode masa. Ta ce ya yi ƙoƙari, shekarar ce ba ta yi ba. Ta ce kada ya fasa, duk abin da ya share a shago ya riƙa kawowa ranar Asabar, za a gyara ƙasar saboda baɗi. Ya ce ba komai, ai yi wa kai ne.

Ƙarar babur na ɓacewa na tsaya a gabanta. Ban taɓa yi mata magana a tsaye ba sai ranar.

“Inna, kin san shi ya kashe su.”

“Na sani.”

“Tun yaushe?”

“Tun da na shinshina.”

“To don me? Irin Kaka ne fa. Ba wani.”

Ta juya tsiron a hannunta. Sannan ta ce, “Kwana hamsin da biyu yana shigowa gidan nan. Na ƙirga. Rabon da in gan shi kwana biyu a jere tun yana saurayi. Kuɓewa ba ta ce mini Inna ina wuni.”

Na ɗauki kwanon da ya ci ya bari na kai wurin wanke-wanke.

Mataki na 10: Ka sauƙaƙa wa kanka

Yanzu shagonka ya yi fes. Tela ya dawo amsa gaisuwa, mai gini ya daina leƙowa. Lambu ya zama fili, ba abin da za a duba a ciki. Mutum mai aiki irinka bai kamata ya riƙa ɓata yamma guda a kan buhu ɗaya ba. Ka yi alƙawarin kawowa, ba ka yi alƙawarin zuwa ba.

Ka samu mai babur na haya, ka ɗaura masa buhun, ka kwatanta masa gidan.

Asabar ta farko Inna ta ji tsayuwar babur a ƙofa, ta gyara ɗankwali, ta ce in zuba abinci. Aka yi sallama, sai ga wani mutum da ba mu taɓa gani ba da buhu a kafaɗa, yana tambaya ko nan ne gidan tsohuwar kafinta. Ta dube shi, ta dubi ƙofar da ke bayansa. Ta ce masa nan ne, ya ajiye jikin katanga, ya zauna ya ci abinci tunda an riga an zuba.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ta da alhakin duk abin da ya biyo bayan bin matakan nan. Ba ruwanta da rawayar ganye, ko gara, ko warin gam, ko irin da ya ƙare. In ka bi su ka ga lambu ya mutu, haka aka yi alƙawari. In ka bi su ka ji wani abu ya tsaya maka a ƙirji, ba a cikin darasin yake ba, ka nemi inda ka samo shi. Kada a kawo mini ƙara, kada a kira ni a waya a ce na tona asirin gida, ban ambaci sunan kowa ba.

Buhunan da aka aiko suna nan jingine da katanga, tara ne yanzu, ba a kwance ko ɗaya ba, kuma an hana ni zubarwa. Duk kafintan da ya ga kamar nasa ne yana iya zuwa ya duba, amma da ƙafarsa. Ranar Asabar tun la'asar Inna take sa a fito mata da kujera bakin ƙofa.